Jirgin Gwangwani A Lamorde

A Ingila akwai dattawa masu tara ƙananan jiragen ƙasa na wasa, irin waɗanda kamfanin Hornby ya soma ƙerawa a 1920. Sukan sayi tsohon kan jirgi da tsada, su sake masa inji da fenti.

To, hanyar jirgi ta isa Maiduguri a 1964, amma ba ta taɓa leƙa Mubi ba. Duk da haka yaron Lamorde yakan jera gwangwanayen kifi, ya ɗaure su da waya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, sai ga jirgi har da taragai.

'Yan'uwa mazauna Ikko, tsarabarku ta motar roba ita ke kashe wannan basira. Yaron da aka miƙa wa ta kanti ba ya ƙara tsintar gwangwani, ran da ta karye kuwa sai kuka.