Ɗaurin kaya a ƙaramin jirgin sama: Abin da mai lodin goro ya riga ya sani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Zangon Kumasi lokacin da ake yi wa gingimari lodin goro zuwa Paga ko Bawku, ya san cewa ba a jefa huhu yadda aka ga dama. Mai nauyi a ƙasa yake zama, a raba shi daidai tsakanin ƙafafun mota, sannan a ja tamfol a ɗaure da igiya. Daga Aboabo kuwa ana jin rugugin jiragen da ke sauka a filin jirgin Kumasi, wanda aka raɗa wa sunan Prempeh na Ɗaya a 2024. To, ashe matsalar ɗan lodi da ta matuƙin jirgi guda ce.

A ƙasar nan an haɗa ƙananan jirage da hannu. A filin Kpong da ke kusa da Akosombo, wani kamfani mai suna WAASPS ya riƙa harhaɗa jirage samfurin Zenith CH 701 daga sassan da ake kawowa daga waje. A can ne Patricia Mawuli, wadda ta fara da aikin tumɓuke kututture a filin a 2007, ta koyi haɗa jirgi kuma ta sami lasisin tuƙi a 2009. Da irin jiragen nan aka riƙa jefa wa ƙauyukan bakin tafkin Volta takardun wayar da kai kan kiwon lafiya.

Shi wannan jirgi mutum biyu yake ɗauka, kuma nauyinsa baki ɗaya, da mutane da mai da kaya, bai kamata ya wuce wajen kilo 500 ba. Wurin kayan wani ɗan kanta ne a bayan kujeru, wanda abin da aka yarda a ɗora masa bai kai kilo 20 ba. Ko rabin buhun shinkafa bai cika ba! Ɗan kasuwa zai yi dariya, amma dalilin ba ƙarancin wuri ba ne kawai. Jirgi kamar ma'aunin sikeli yake, yana rataye ne a kan fukafukansa, kuma kilo ɗaya da ke can wajen wutsiya ya fi kilo ɗaya da ke ƙarƙashin fiffike rinjaye. Idan jaka ta zame baya a daidai lokacin tashi, hancin jirgin sai ya ɗaga fiye da kima, gudunsa ya ragu, iska ta daina riƙe shi. Mota in lodinta ya karkace direba na iya gangarawa gefen titi ya gyara. Matuƙi ba shi da wannan gata.

Akwai kuma haɗarin gaba. In jirgi ya yi saukar gaggawa ya tsaya da ƙarfin da ya ninka nauyi sau tara, jakar kilo 10 za ta taho da ƙarfin kilo 90, kuma ƙeyar matuƙi ce a gabanta. Shi ya sa masu haɗa jiragen suke kafa zobban ƙarfe a jikin ƙashin jirgin, ba a kan falankin alminiyon mai laushi ba, su rufe kayan da raga ko su ɗaure da ɗamara mai ƙarfi. Igiyar roba irin ta masu babur ba ta wadatarwa, domin miƙewa take yi. Ƙananan abubuwa ma ba a raina su, sifana ɗaya in ta faɗa tsakanin wayoyin sarrafa wutsiya tana iya maƙale su.

Manyan jirage ma ba su tsira ba. Ranar 29 ga Afrilun 2013 wani Boeing 747 na kamfanin National Airlines ya tashi daga Bagram a Afghanistan ɗauke da motocin sulke biyar, masu tan 12 zuwa 18. Masu binciken Amurka sun gano cewa ɗaurin bai isa ba, motar da ke can baya ta tsinke ta fasa bangon jirgin ta lalata na'urorin sarrafa wutsiya. Jirgin ya faɗo jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki duk suka rasu.