Sabon Ɗalibi a Jami'a: Da Wa Za Ka Zauna?



Sakamakon jarrabawar WASSCE ya fito, takardun ɗauka sun fara isowa. Cikin yaranmu akwai masu tafiya Legon, Kumasi ko Cape Coast, akwai kuma waɗanda za su tsaya gida a UDS, jami'ar da aka kafa nan Tamale a 1992, wasu a Dungu, wasu a Nyankpala. Iyaye sun shirya kuɗin makaranta, katifa da buhun gari. Abu ɗaya ne ba a sa wa yaro a jaka: abokin zama.

A makarantar allo da Islamiyya ba kai ka zaɓi abokanka ba. Unguwa ɗaya kuka tashi, malam ya san uban kowa. A jami'a kuwa babu mai tashinka asuba, babu mai tambayar inda ka kwana. Makonnin farko akwai kaɗaici, kuma mai kaɗaici duk wanda ya fara yi masa fara'a shi yake bi. Nan ne wasu ke faɗawa cacar ƙwallo ta waya, kuɗin da uwa ta tara a kasuwar Aboabo ya tafi a dare ɗaya. Zama da maɗaukin kanwa, ai shi ke kawo farin kai.

Manzon Allah (SAW) ya kwatanta abokin kirki da mai sayar da turare, mugun aboki kuma da mai hura zugazugin maƙera. Na farko ko bai ba ka komai ba ka tashi da ƙanshi, na biyu ko bai ƙona maka riga ba ka sha hayaƙi. To, mai son turare shagon turare yake zuwa. Kada ka zauna a ɗaki kana jiran aboki ya faɗo.

Ranar da ka sauka, tambayi inda masallaci yake, ka nemi 'yan GMSA, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Ghana. 'Yan uwa mata ma suna da nasu zaman. Fuskar da ka gani a sahun asuba kwana uku a jere, yi mata sallama, ka tambayi suna da abin da yake karanta. Haka abota take farawa.

Ka tuna lokacin hijira. Annabi (SAW) ya haɗa 'yan uwantaka tsakanin Abdurrahman bin Auf, baƙo daga Makka, da Sa'ad bin Rabi'i, mutumin Madina. Sa'ad ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa kawai. Darasi biyu ke nan. Ɗan Tamale da ke UDS, kai ne Sa'ad: baƙon da ya zo daga Bawku ko Takoradi, bai iya gaisuwar Dagbani ba, nuna masa gari, ka kai shi gida cin tuwo ranar Juma'a. Wanda ya tafi kudu kuma, zama Abdurrahman: karɓi taimako, amma kada ka zama kaya a kan kowa.

Za ka iya samun abokin ɗaki Kirista. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ba ta hana kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙe mu ba. Ku yi karatu tare, ka duba shi in ba shi da lafiya. Tun ranar farko ka gaya masa lokutan sallarka da abin da ba ka ci ko sha, cikin fara'a. Yawanci zai girmama ka.

Kada ka yi gaggawar ba da amana. A UDS, zango na uku ana tura ɗalibai rukuni-rukuni su zauna ƙauye makonni da dama, tukunya ɗaya, ɗiban ruwa tare. Can ake gane mai haƙuri da mai son kansa. Kafin nan, auna da abu uku: in an kira salla me yake yi, in ya ci bashi yana biya, kuma yaya yake maganar wanda ba ya nan.

Iyaye, in kun kira waya, bayan tambayar abinci ku tambayi sunan abokai.

Allah Ya haɗa 'ya'yanmu da nagari, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.