TONON ASALI: ABIN DA YA CI DOMA BA YA BARIN AWE

Daga Malamarku a Ƙafin Maiyaki

Yanzu kaka ta yi, an kai amfanin gona gida, kuma kowa ya san a wannan yanki namu, tun daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, lokacin ɗaurin aure ya kama ke nan. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin wata tambaya a ɗakunanmu: "Shi yaron, ɗan wane gida ne? Mene ne asalinsu?" Sau da yawa ba a kai ga tambayar sallarsa ko sana'arsa ba, sai a ji wata gwaggo ta ce kakansa mahauci ne, ko wanzami, ko kuwa kakarsa baiwa ce, ko Maguzawa ne da suka musulunta jiya jiya. Shi ke nan magana ta mutu, yarinya ta shiga ɗaki tana kuka. A yau ina so mu duba inda irin wannan tambaya ta kai wata ƙasa ta Musulmi 'yan'uwanmu, sa'an nan mu dawo gida.

ƘASA MAI HARSHE ƊAYA DA ADDINI ƊAYA

Somaliya tana can gabashin Afirka a bakin teku. Ta sami mulkin kai a shekarar 1960, lokacin da yankin da Ingila ta mallaka ya haɗu da wanda Italiya ta mallaka. Mafi yawan mutanenta harshensu ɗaya ne, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Amma sun rarrabu dangi-dangi. Manyan zuriyoyinsu su ne Darod da Hawiye da Dir da Isak da Rahanwen, kowace kuma ta kasu gida-gida. Tun yaro yana ƙarami ake koya masa jera sunayen kakanninsa ta wajen uba, wani har ashirin ko fiye. A daji wannan abu yana da amfaninsa, domin dangi ne ke kare wa makiyayi rijiyarsa, su ne kuma ke haɗuwa su biya diyya idan nasu ya yi kisa.

Akwai kuma waɗanda aka mayar ƙasƙantattu saboda sana'ar iyayensu, watau Tumal maƙera, da Madiban masu aikin fata da farauta. Ba a ba su aure, ba a kuma auren 'ya'yansu. Ko wannan bai yi muku kama da wani abu da kuka sani ba?

A shekarar 1969 Janar Siyad Bare ya ƙwace mulki. Ya hana ambaton dangi, har aka yi mutum-mutumi na ƙabilanci aka binne a bainar jama'a. Amma shi kansa sai ya jingina da dangi uku: nasa, da na mahaifiyarsa, da na surukinsa. Sauran kuwa kowa ya koma ya kafa rundunar danginsa. A 1988 jiragen yaƙin gwamnati suka yi wa birnin Hargaisa ruwan bama-bamai. A watan Janairu na 1991 Siyad Bare ya gudu, daga baya ya rasu a nan Legas a 1995. Bayan tafiyarsa, manyan mutum biyu da suka ragargaza birnin Mogadishu, Ali Mahadi da Janar Aidid, dukkansu 'yan zuriyar Hawiye ne, gida ne kawai ya bambanta. Yunwar 1992 ta kashe mutane fiye da dubu ɗari biyu, wasu dubbai kuma suka tsallaka Kenya zuwa sansanin Dadab, inda aka haifi yara har suka girma suka haifi nasu.

Waɗanda suka yi nisa zuwa Landan da Miniyapolis ta Amurka ma da yawansu ba su bar abin a gida ba. Ƙungiyoyin taimakon juna da dama bisa dangi aka kafa su, kuma yaron da aka haifa a can, bai taɓa ganin raƙumi ba, idan ya zo neman aure sai a tambaye shi zuriyarsa.

MATA NE A TSAKIYA

Abin da ya fi taɓa mu a wannan labari shi ne halin da mata suka shiga. Mace 'yar dangin ubanta ce, 'ya'yanta kuwa na dangin mijinta ne. Da yaƙi ya ɓarke, sai ga mace ubanta da yayyenta suna wannan ɓangare, mijinta da 'ya'yan cikinta suna wancan. Duk wanda aka kashe, ita ce ke zaman makoki.

Shi ya sa wasu daga cikinsu suka tashi tsaye. Wata likita, Hawa Abdi, ta buɗe gonarta da asibitinta kusa da garin Afgoye ga masu gudun hijira, har suka kai dubun dubata. Ɗaya daga cikin dokokin wurin ita ce ba a maganar dangi. Ta rasu a 2020. Haka kuma a taron sulhu da aka yi a garin Arta na ƙasar Jibuti a shekarar 2000, da mata suka ga za a raba kujeru bisa dangi biyar, sai Asha Haji Elmi da abokan aikinta suka ce su ne dangi na shida, watau dangin mata, suka kuwa sami wurin zama. Duk da haka ciwon bai warke ba. A zaɓen 2022 an raba kujeru 275 na majalisa ne bisa dangi: manyan zuriyoyi huɗu kowace 61, ƙananan duka aka haɗa musu 31, watau aka lissafa su a matsayin rabin dangi.

MU MA MUN TAƁA ƊANƊANAWA

Kada wata ta ce ai wannan can ne. A Burumburum ta ƙasar Tudun Wada aka kashe Alwali, sarkin Kano na ƙarshe kafin mulkin Fulani, a lokacin jihadi. Tun daga nan gidajen Fulani irin su Sulluɓawa da Yolawa da Jobawa da Dambazawa suka riƙe manyan sarautun Kano, kalmar "Haɓe" kuma ta zama abin gori a bakin wasu. Amma yaƙin da ya fi ɓarna a cikin Kano bayan haka, a cikin gida ɗaya aka yi shi. Da Sarki Bello ya rasu a 1893 aka naɗa ɗansa Tukur, sai 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi yarda, suka fita zuwa Takai a ƙarƙashin Yusufu. Tukur da Yusufu 'ya'yan wa da ƙane ne, jikokin Ibrahim Dabo. Ƙasar Kano ta rabu biyu, Tukurawa da Yusufawa, aka ƙone garuruwa, aka kama 'yantattun Musulmi aka sayar, har aka kashe Tukur a 1895. Shekara takwas bayan haka Turawa suka biyo ta Bebeji suka ci Kano a 1903. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A zamaninmu kuma ga abin da ya faru a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato. Rigimar gona da burtali da satar shanu ta rikiɗe, har ta kai ana kashe mutum don kawai Bafulatani ne ko don Bahaushe ne, alhali kuwa jiya suna salla a sahu ɗaya, suna auratayya. Mu da muke zaune da rugage a gefen dajin Falgore, muna sayen nono a hannun matansu kowace safiya, ya kamata mu fi kowa tsoron wannan wuta.

Sa'an nan mu tuna da Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Mutanensa Agalawa ne, watau baƙi da suka gangaro daga arewa suka riƙe fataucin goro. Ya yi fatauci har Kumasi da Akara, ya dawo ya shiga cinikin gyaɗa, kafin rasuwarsa a 1955 ya zama attajirin da ba kamarsa a Kano. Da Kanawa sun tsaya tonon asalin baƙi, da Kano ba ta zama Kano ba. A zangon Kumasi kuwa, Bakano da Bakatsine da Bazazzagi da Babarbare duk suna ɗaya ake kiransu da shi, suna cin abinci a akushi ɗaya.

ME YA KAMATA A BINCIKA?

Ba ina cewa a daina bincike kafin aure ba ne. Bincike wajibi ne, kuma iyayenmu da suke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe suna da hujjarsu, domin tarbiyyar gida tana bin yaro. To, amma tarbiyya daban, sana'ar kaka daban. A bincika ko yana salla, ko yana da abin yi, ko yana shaye-shaye, yadda yake riƙe mahaifiyarsa, da kuma dalilin rabuwarsa da matarsa ta fari idan ya taɓa aure. A je asibiti a yi gwajin jini, wanda ma dokar Jihar Kano ta wajabta tun 2024, domin cutar sikila ba ruwanta da ko kakanki sarki ne. Amma mahaucin da muke cin namansa, da maƙerin da ya ƙera fartanyar da ta ciyar da mu, da wanzamin da muke kira ranar suna, mene ne aibinsu?

Addininmu ya riga ya raba gardama. Suratul Hujurati ta bayyana cewa an yi mu dangi-dangi ne domin mu san juna, fifiko kuwa yana ga tsoron Allah. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya aurar da Zainabu 'yar gwaggonsa ga Zaidu, wanda 'yantaccen bawa ne. Bilalu kuma, da aka taɓa azabtar da shi cikin bauta, shi ne ladaninsa.

Uwa ce makarantar farko. Yaro ba ya zuwa duniya da sanin wane ne bawa, a bakinmu yake ji, musamman lokacin da kishiyoyi ke faɗa, wata ta ce wa wata "'yar bayi" ko "mara asali" a gaban yara. Washegari sai ka ji kalmar a filin makaranta. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, kakanninmu sun ƙirƙiro shi ne don a yi dariya a sha ruwa tare. Wannan a riƙe shi, gori kuwa a jefar.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, wadda kuke zaune benci ɗaya da ita, ko daga ruga ta fito ko daga gidan Maguzawa, ku kai mata ziyara, ku ci abincin gidansu. Idan kuma wata rana aka hana ɗayarku wanda take so saboda sana'ar kakansa, kada ta gudu, kada ta yi wa iyayenta rashin kunya. Ta sami liman ko wani dattijo da mahaifinta ke jin nauyinsa, ya zo ya yi masa nasiha.

Allah ya ba 'yan'uwanmu na Somaliya zaman lafiya, mu kuma ya kare mu daga abin da ya same su, amin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.