Mari Ba Magani Ba Ne: Jan Hankali ga Mutanen Ƙasar Bagudo

Duk wanda ya san garuruwan ƙasar Bagudo, tun daga Zagga da Kaoje har Illo da Lolo da Tsamiya da ke bakin iyakar Jamhuriyar Benin, ya san cewa idan Allah ya jarrabi wani gida da mai taɓin hankali, bayan an gwada ruƙiyya an gwada hayaƙi an kuma sayar da abin da za a iya sayarwa, abin da galibi ake ƙarewa a kansa shi ne a sa masa mari, a kulle shi a ɗakin bayan gida, a riƙa miƙa masa abinci ta taga. Mafi yawan masu yin haka ba mugunta ke sa su ba, gajiya ce da nisan asibiti, domin asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware yana gaba da Sakkwato, sai an ratsa Jega da Tambuwal, kuma likitocin wannan fanni a Nijeriya duka ba su kai 300 ba.

Sai dai uzurin iyali bai mayar da ɗauri ya zama magani ba. Malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi cewa taklifi ya faɗi daga kan majnuni, amma hurumin jikinsa da haƙƙin ciyar da shi da tufatar da shi suna nan a wuyan waliyyinsa. Kuma tun shekarar 1284 Sarkin Musulmin Masar, Ƙalawun, ya gina babban asibiti a Alƙahira wanda ake jinyar masu taɓin hankali a cikinsa.

Tsarin da Turawan mulki suka bari kuwa na tsarewa ne. Gidajen da suka buɗe a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907 sun fi kama da kurkuku, kuma dokarsu ta mahaukata, wadda aka sabunta a 1958, ita ta ci gaba da aiki har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. A Amurka, inda a 1955 majinyata fiye da rabin miliyan ke kwance a asibitocin jihohi, an sallami mafi yawansu ba tare da an tanadar musu isasshiyar kulawa a unguwanninsu ba, da yawa suka ƙare a titi ko a gidan yari. Mu ma da asibiti ya yi ƙaranci, gidajen mari ne suka cike gurbin, kuma ba a manta da mutane fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019 ba, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Alhali hanya ta tsakiya tana nan, ɗan ƙasar nan ne ma ya nuna ta. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa tare da ɗan'uwansa, ana yi musu magani da rana suna kwana cikin jama'a. A tsallaken iyakarmu ma, ƙungiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon tana kwance wa majinyata sarƙa a cibiyoyinta na Benin, har da ta Djougou.

Saboda haka idan kun ga ɗanku ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana zargin kowa, ko mai jego ta rikice bayan haihuwa, ko saurayi ya canza bayan ya faɗa wa tiramol da wiwi, ku kai shi asibiti mafi kusa tun ciwon bai yi nisa ba, ku nemi takardar tura shi gaba, ku kuma bi shi da kanku. Addu'a ba ta hana shan magani, kuma kada a dakatar da maganin don an ga sauƙi sai da izinin likita, domin ta nan ne ciwon ya fi dawowa. Ga wakilanmu a majalisar Birnin Kebbi kuwa, roƙonmu shi ne a sa ma'aikacin jinya da ya ƙware a wannan fanni, tare da magungunansa, a babban asibitin Bagudo.