Hattara! Kada Ka Sayar da Asirinka Tare da Tsohuwar Kwamfuta

Tun daga ranar 14 ga Oktoban 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina kula da tsaron manhajar Windows 10, mutane da ofisoshi suke ta sauya kwamfuta, domin tsofaffi da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Kowa hankalinsa na kan sabuwar: yaya za a kwaso takardu da hotuna a zuba mata? Tsohuwar kuwa, da an gama sai a miƙa wa dillali, ko a ba wa ƙani, ko a jefa wa 'yan gwangwan. A nan haɗarin yake, kuma yana yaɗuwa ne saboda jama'a sun ɗauka aiki ya ƙare.

Kwashe bayanai ba ƙaura ba ce, kwafi ne. Abin da ya shiga sabuwar kwamfuta yana nan daram a tsohuwar. Ko ka danna gogewa, ka zazzage kwandon shara, ko an yi maka fomatin na gaggawa, bayanan ba su tafi ba. Kamar a cire allon suna ne daga ƙofar shago alhali kaya na jibge a ciki: kwamfuta ta rubuta cewa wurin babu kowa, amma takardarka tana kwance a rumbun ajiya, wanda masu gyara ke kira had-dis, har sai wani sabon abu ya hau kanta. Manhajar dawo da abin da aka goge kuwa, irin su Recuva, kyauta ake saukewa a intanet, yaro ɗan sakandare ma zai iya aiki da ita.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun bayyana abin da suka gani a tsofaffin rumbunan ajiya 158 da suka saya. Guda 12 kacal aka goge yadda ya kamata. A sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000, da bayanan marasa lafiya, da wasiƙun mutane. A 2006 BBC ta gano ana sayar da rumbuna a Legas ɗauke da bayanan bankin mutanen Birtaniya. A 2009 ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi wani rumbu a Ghana kan dala 40, sai ga takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. A 2022 hukumomin Amurka suka ci tarar bankin Morgan Stanley dala miliyan 35, bayan tsofaffin na'urorinsa sun faɗa kasuwar gwanjo da bayanan abokan hulɗa a ciki. In manya masu ma'aikatan tsaro sun zame, ina ga kai?

Duba abin da ke cikin taka. Hoton katin NIN da lambar BVN da ka ajiye don cike fom. Takardar fili. Lissafin bashin shago. Hotunan matarka da 'ya'yanka mata a cikin gida, ba mayafi. Ga manhajar shiga intanet ta haddace kalmomin sirrinka, ga imel a buɗe, ga WhatsApp a jone da wayarka. Wanda ya saya yana kunnawa ya zama kai: ya karɓi bashi da sunanka, ya roƙi 'yan'uwanka kuɗi da bakinka, ko ya yi wa iyalinka barazana da hoto. Hoton da ya shiga intanet zarar bunu ne, ba ya komawa.

Haka nan akwai haɗari a al'adar kai kwamfuta biyu shagon gyara, a faɗi kalmar sirri, a ce "ka kwashe min, gobe zan dawo". Yawancin masu gyara mutanen kirki ne masu neman halal. Amma filash ɗinsu da rumbunsu na shiga kwamfutar mutane iri-iri, suna iya ɗauko cuta su zuba a sabuwar taka, kuma kwafin kayanka kan kwana a wurinsu ko da ba da nufi ba. Ka sayi naka rumbun, ka zauna a yi a gabanka, ka tafi da abinka.

Ga tsarin da ya kamata a bi, kuma kada a tsallake ko ɗaya. Ka kwafi bayananka a wuri biyu, sabuwar kwamfuta da rumbu na daban. Ka buɗe takardun ka tabbatar suna buɗewa kafin ka taɓa tsohuwar. Ka fita daga imel da duk wani asusu, ka cire kwamfutar daga jerin na'urorin da ke jone da WhatsApp ɗinka, ka sauya kalmomin sirri. Sannan ka mayar da Windows ɗin tsohuwar sabo fil, ka zaɓi cire komai tare da share rumbun gaba ɗaya. Yana cin awanni, ka haƙura. In kwamfutar ta mutu ba ta kunnuwa, kada ka ce shi ke nan, rumbunta na iya zama lafiya lau. A kwance shi a ba ka a hannu, ka adana ko ka farfasa shi.

Shugabannin makarantu, asibitoci da ofisoshi, nauyinku ya fi na kowa. Sakamakon gwajin jinin mara lafiya da bayanan ɗalibai amana ce a wuyanku, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora muku alhakin tsare su. Kada kwamfuta ko ɗaya ta fita gwanjo sai an share ta, wani ya duba ya sa hannu.

Kuɗin tsohuwar kwamfuta ba su kai darajar mutuncin gidanka ba. Ka share kafin ka sayar, ka share kafin ka kyautar. In kunne ya ji, jiki ya tsira.