Uwargida, Ga Wata Kusa Da Ke

Kaka ta yi, an cire auduga, an kai masara kasuwar Funtua da ta Dandume, kuɗi sun ɗan shigo hannu. Kafin su ƙare a atamfa da kwanuka, ga wani abin saye da ba a cika tunawa da shi ba, watau ƙaramin madubin hangen nesa na duban wata da taurari.

Kada ki ce wannan sai Turawa. Duban sama gadonmu ne. Tsofaffi a ƙauyukan Malumfashi da Bakori da Ƙafur sun san Kaza da 'Ya'yanta, sun san Zara matar wata, malaman hisabi kuwa da taurari suke lissafin damina. Har ila yau kin fi matan Kano da Kaduna sa'a, domin hasken lantarki ya dushe musu sama, ke kuwa taki tana nan baƙa ƙirin.

Shi madubin bututu ne da bai wuce tsawon hannu ba, da gilashi a baki, da wani ƙarami inda ake kafa ido, yana zaune bisa ƙafa uku kamar murhu. Da wanda bai kai na yanzu kyau ba wani Ba'italiye, Galileo, ya ga duwatsun wata a 1609, a 1610 kuma ya gano watanni 4 da ke kewaya tauraron Mushtari. Duk abin da ya gani, 'yarki ma za ta gani daga tsakar gida.

Wata yana nesa da mu kamar kilomita 384,000, amma sai ki ga ramuka da tsaunuka a jikinsa ɓaro-ɓaro. Kada ki jira daren sha huɗu, hasken ya yi yawa, kome ya baje. Ki duba a daren 7 ko 8, inda haske ya yi iyaka da duhu, nan inuwa take fito da kowane rami. Zara kuwa za ki tarar ita ma tana cika tana raguwa kamar mijinta. Tauraron Zuhal yana da zobe kewaye da shi, ƙarami amma tsaf. In kin ga hoton ya juye, ko wata ya sulale ya fita daga madubin, ba lalacewa ya yi ba. Juyewar halin gilashin ne, sulalewar kuwa duniya ce ke juyawa.

Wajen saye sai ki yi hattara. Abin dubawa shi ne faɗin bakin gilashin, milimita 60 zuwa 80 ya isa mai koyo. Kada rubutun kwali ya ruɗe ki, wai yana ƙara girma sau 500. Mai baki 70 ba ya wuce kamar sau 140 sai hoto ya dagule. Ki girgiza ƙafafun, in suna rawa ki bar shi. In kuɗin sun yi wa mutum ɗaya nauyi, matan gida ko na unguwa sai su yi adashi, guda ya ishi yara ashirin.

Lokacin da ya fi shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, kafin hazo ya sauko. Ƙura abokiyar gabarsa ce, a rufe bakinsa in an gama, kada a goge gilashin da bakin zane.

To, ga babban gargaɗi. Kada kowa ya dubi rana da shi, ko da ƙiftawa ɗaya, domin yana tara zafinta ya ƙona ido, kuma babu magani. Ko da husufi ne, irin na 29 ga Maris 2006 da ya duhunta Katsina da Gusau da hantsi, hukuncin ɗaya ne. Mai neman jinjirin watan azumi ya bari sai rana ta faɗi sarai, sanarwa kuma ta Sarkin Musulmi ce. Da rana ki kulle shi a ɗaki.

In dare ya yi, kada samari su mamaye shi. Ki fara da 'yan mata, ki ba kowace littafi ta zana abin da ta gani. Yarinyar da ta ga ramukan wata da idonta, gobe in malami ya zana su a allo, ita za ta fara ɗaga hannu.