Rikicewar Al'ada Bayan Shekara 40: Yaushe Za a Je Asibiti?

Sau da yawa idan muka je gaida marasa lafiya, mukan tarar da wata uwa ta yi watanni tana zubar da jini, ba ta faɗa wa kowa ba. In an tambaye ta, sai ta ce ai girma ne ya zo. Wani lokaci gaskiyarta ne. Wani lokaci kuwa wannan shirun ne yake kai ta ga halaka.

Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Kafin nan jiki yakan yi 'yan shekaru yana sauyawa, domin ƙwai ya daina fita kowane wata. Haila takan zo da wuri ko ta makara, ta ƙaru ko ta ragu, ko ta tsallake wata biyu ta dawo. Wannan ba ciwo ba ne. Amma a sani, mace tana iya ɗaukar ciki a wannan lokaci.

To, ga alamun da ba a zama da su a gida: jinin da ya wuce kwana 7, jinin da yake jiƙa ƙunzugu ko auduga kowace awa, guda-guda manya, hailar da take dawowa kafin kwana 21, ɗigon jini tsakanin haila da haila, ko bayan saduwa da maigida. Idan jiri da haki da bugun zuciya suka haɗu da zubar, jinin jiki ya yi ƙasa ke nan, a tafi a ranar.

Mafi muhimmanci, iyayenmu mata, idan al'ada ta ɗauke wata 12 cur, sa'an nan aka ga jini, ko ɗigo ɗaya ne, ba haila ba ce ta dawo. Galibi dalilin mai sauƙi ne, amma wajen mace 1 cikin 10 masu wannan alama akan samu ciwon daji na mahaifa. In an gano shi da wuri, yawanci yana warkewa.

A asibiti za a gwada jini, a ɗauki hoton mahaifa, a duba bakinta, wani lokaci a ɗebi ɗan nama a auna. Sau da dama ƙari ne marar daji, wanda ake magani ko aiki a rabu da shi. Mace ta riƙa rubuta ranar farawa da ranar ɗaukewa, ta kai wa likita. Saye-sayen ƙwayoyi a kemis da jiƙe-jiƙe ba sa nuna tushen ciwo.

Ku kuma magidanta, kada ku jira sai ta faɗi. Ku tambaya, ku ba da kuɗin mota, ku raka ta. Shugabannin zumuntar mata su ɗauko zancen a taronsu. Mu yi addu'a, mu kuma je asibiti. Mai ɓoye ciwo, ciwo ne zai tona shi.